Na'urar motsa tsoka da sauti: me zan auna kafin in manna ta a jiki?

Tambaya: Wani mai gyaran rediyo da amfilifaya ya rubuto yana cewa, "Ina da ƙaramin allon amfilifaya mai aiki da bolt 12, da taransifoma biyu irin na lasifikar layi. Na ji ana haɗa irin waɗannan a tura kiɗa daga wayar hannu, wutar ta riƙa motsa tsoka daidai da bugun kiɗan. Ina so in haɗa saboda ciwon baya da nake fama da shi, in ta yi kyau in gwada wa mahaifina a gwiwa. Yaya ake haɗawa, kuma yaya zan tabbatar ba za ta cutar ba?"

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ciwon baya, Allah Ya ƙara sauƙi. Na daɗe ina gyara da auna na'urorin motsa tsoka na asibiti, kuma na taɓa haɗa irin wannan da kake nufi a kan teburin aikina, don haka zan gaya maka gaskiya tun daga farko. Haɗa ta abu ne mai sauƙi ga mai hannu irin naka, aikin yini guda ne. Inda gizo ke saƙa shi ne gwajin. Maganar Baba kuwa ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Abin da ka haɗa da hannunka, wanda babu wani ɗakin gwaji da ya tantance, ba a manna shi a jikin wani, balle dattijo wanda ba lalle ka san halin da zuciyarsa ko jijiyoyin ƙafarsa suke ciki ba.

Bari in fara da abin da jiki yake ji, domin a nan masu aikin lantarki suka fi yin kuskure. Mun saba magana da bolt, amma jijiya ba ruwanta da bolt. Abin da take amsawa shi ne yawan wutar da ke gudana ta cikinta, wato miliamfiya, da tsawon lokacin da wutar ta ɗauka tana gudana. A wutar gida mai kaɗawa 50 ko 60 a daƙiƙa, mutum yakan fara jin tsikari a wajen miliamfiya 1. Charles Dalziel, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka, ya auna mutane masu yawa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya gano cewa a matsakaici namiji yakan kasa sakin wayar da ya riƙe idan wutar ta wuce kimanin miliamfiya 16, mace kuma kimanin 10 da rabi. Tsokar da ke dunƙule hannu ta fi wadda ke buɗe shi ƙarfi, shi ya sa hannun yake ƙanƙame wayar ko da mai shi yana son saki. Idan aka ƙara sama zuwa gomomin miliamfiya, kuma hanyar wutar ta bi ta ƙirji, zuciya na iya rikicewa ta koma kakkarwa maimakon bugu, jini ya daina zagayawa. Wannan ne dalilin da ya sa makunnin kariya da ake sa wa a gidaje yake yanke wuta idan wadda ke yoyo daga layi ta kai miliamfiya 30. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, za mu auna kayanka da su.

Yanzu ga lissafin kayanka. Ƙaramin amfilifaya mai bolt 12, irin wanda bakinsa biyu duk suke ɗauke da wuta, yakan iya fitar da kusan bolt 8 idan aka ƙure shi. Taransifomar lasifikar layi kuma, idan ka juya ta ka shigar da sauti ta ɓangaren om 8, ɗaga wuta take yi. Mu ɗauka tana ninkawa sau 10 kawai, ko da yake wasu bakunan nata sukan ninka sau 25 ko fiye. Bolt 8 ya zama 80. Jiki mai jiƙaƙƙiyar fata tsakanin faci biyu, wato 'yan fallayen da ake mannawa a fata don shigar da wuta, ana ƙiyasta turjiyarsa ga wuta a om 500. Raba 80 da 500, ka samu miliamfiya 160. Ka ga ka ninka abin da ke hana mutum sakin waya sau goma. Mutane da yawa sukan sa rizista mai om 4 ko makamancin haka tsakanin amfilifaya da taransifoma, su ce an yi maganin abin. Yana taimakawa, yana kuma kare amfilifaya daga ƙonewa, amma yi lissafin. Om 500 na jiki, idan aka hango shi daga ɓangaren amfilifaya, yakan koma om 5, domin ana raba shi da 10 sau 10. Haɗa da 4, ya zama 9. Bolt 8 a kan om 9 ya kusa amfiya 0.9, wanda a ɓangaren jiki ya zama kusan miliamfiya 90. Har yanzu wannan wuta ce da ba ka so ta kuskure hanya.

Za ka ce ai ba za ka ƙure murya ba. To, a nan nake so mu ɗan tsaya.

Sauti ba a yi shi don ya kiyaye iyaka ba. Kiɗa yakan yi ƙasa-ƙasa, sai ganga ta faɗo da ƙarfin da ya ninka na baya sau da yawa. Kunne ya saba da wannan, har daɗi yake ji. Fata ba ta saba ba. Tazarar da ke tsakanin wutar da za ka fara ji da wadda za ta yi maka zafi ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu a kunne. Ranar da na fara gwada tawa, na haɗa ta da rizista a madadin jiki, na sa sauti mai laushi daga wayar hannu, ina kallon allon osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta, layin yana hawa yana sauka a hankali a wajen miliamfiya 6. Sai saƙo ya shigo wayar. Wannan ɗan ƙarar sanarwa da ba na ko kula da ita a kullum ta cilla layin har ya fice daga allon. Na rage ma'aunin na sake tura wa kaina saƙo, na ga tsinin ya haura miliamfiya 50. Daga nan na zare jakin daga wayar ba tare da na kashe amfilifaya ba, na taɓa bakinsa da yatsa, sai ga gurnanin wutar gida ya cika allon. Da a bayana facin yake, da na ji a jikina. Tun daga ranar na daina yarda da maɓallin ƙara murya a matsayin kariya. Kira zai shigo, talla za ta faɗo a tsakiyar kiɗa, manhaja za ta tsallaka zuwa wata waƙa da aka naɗa da ƙarfi, yaro zai danna maɓalli. Kariyar da ta dogara da kada wani abu ya faru ba kariya ba ce.

Sai matsalar yawan kaɗawa. Jijiya da zuciya sun fi saurin amsa wuta mai kaɗawa daga gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma 50 da 60 na wutar gida suna tsakiyar wannan fili. Amon ganga da na bes a cikin kiɗa kuwa daidai nan suke zaune. Wato ɓangaren kiɗan da ya fi ƙarfi shi ne ya faɗa a ɓangaren da ya fi haɗari. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Bafaranshen nan d'Arsonval ya nuna cewa idan kaɗawar ta yi yawa sosai, tsoka takan daina amsawa, sai ɗumama nama kawai ya rage. Likitocin gashi, wato masu gasa tsoka da gaɓoɓi, suna cin moriyar tsaka-tsakin wannan. Hanyar da Hans Nemec na Ostiriya ya fito da ita a shekarun 1950 tana amfani da kaɗawa wajen 4000, a haɗa layi biyu masu ɗan bambanci don su haifar da bugu a hankali a cikin nama. Wadda ake kira ta Rasha, da ake dangantawa da Yakov Kots, tana amfani da 2500 a yanka ta gunduwa-gunduwa sau 50 a daƙiƙa. Ka lura dukkansu sauti ne da kunne zai iya ji, amma an zaɓe shi, an daidaita shi, an yi masa iyaka. Babu wanda ya ɗauki waƙa sukutum ya tura cikin tsoka. Ƙari a kan haka, ƙaramar taransifoma ba ta son amo mai ƙasa. Idan ka cika ta da shi, ƙarfen cikinta yakan ƙoshi, siffar wutar ta karye, ta riƙa fitar da tsini masu suka kamar allura.

Akwai kuma batun zafi, wanda ba a cika lura da shi ba. Na'urar rage ciwo ta asibiti, wadda aka fi sani da TENS, tana aiki ne da 'yan gajerun bugu, kowanne daga kashi 50 zuwa 250 cikin miliyan na daƙiƙa, sau 2 zuwa wajen 150 a daƙiƙa. Ɗauki bugu mai kashi 200, sau 100 a daƙiƙa. Wutar tana kunne ne kashi 2 cikin ɗari na lokaci, sauran duk hutu ne. Ko da tsininta ya kai miliamfiya 40, matsakaicin ƙarfinta na ɗumama nama bai kai 6 ba. Sauti mai tsini 40 da ke tafiya ba yankewa kuwa, matsakaicinsa 28 ne. Tunda zafi yana tafiya da ninkin wutar a kanta, sautin ya fi ɗumama fata sau 25. Jijiya ba ta buƙatar duk wannan. Ɗan taɓi take so, ta harba saƙonta, ta huta. Abin da ya ragu asara ce da fatarka za ta biya.

Saboda haka, idan shawarata kake nema a kan tsarin haɗi, ga ta. Kada ka bar wuƙa da nama a hannun sauti. Ka mai da shi mai ba da shawara kawai. Ka haɗa ɓangaren da ke ƙirƙirar bugu da kansa, mai tsayayyen faɗi, wanda kowane bugu yake da rabi na gaba da rabi na baya daidai wa daida, mai iyakar wuta da aka kafa da kayan da aka like da dalma, ba da manhaja ba. Sannan ka ɗauki sautin, ka tace shi ka fitar da hawa da saukarsa kawai, ka wuce da wannan ta cikin ɗan abin nan mai raba layi da haske, wato ofto-kofla, ya riƙa gaya wa mai bugun ya ƙara ko ya rage, amma a cikin shingen da ka riga ka gina. Ka sa masa jinkiri wajen hawa, yadda ko ƙara ta faɗo kwatsam, wutar za ta ɗauki wani yanki na daƙiƙa tana hawa maimakon ta yi tsalle. Na'urorin kasuwa masu bakin shigar da sauti da yawa a kan wannan tunani suke. Ya fi wahalar haɗawa, amma shi ne wanda in saƙo ya shigo wayarka, bayanka ba zai sani ba.

In kuma ka dage sai na amfilifaya da taransifoma, don koyo a kan tebur, to akwai abubuwan da ba a sasantawa a kansu. Na farko kuma mafi girma, batir kaɗai. Amfilifaya a kan batir, wayar hannu ko kwamfuta a kan batirinta, babu caja ko guda a jiki, babu wata igiya da ta kai bango. Ka san tsikarin nan da ake ji a jikin kwamfutar cinya mai ƙarfe idan tana caji? Akwai ƙaramin kafasita a cikin caja da ke haɗa ɓangaren wutar gida da ɓangaren fita don rage hayaniya, kuma ta nan wata 'yar wuta take yoyo. Da busasshen hannu wasa ce. Da jiƙaƙƙen faci a manne a fata, lissafin ya canza, kuma ranar da cajar banza ta fashe daga ciki, wutar gida gaba ɗaya ce za ta biyo layin sauti. Kada ka ce taransifomar lasifika za ta tare. Ba don haka aka naɗa ta ba. Ƙa'idar kayan asibiti ta duniya, IEC 60601-1, tana neman rabuwar da ta jure gwajin bolt 4000 tsakanin wutar gida da majiyyaci, da tazarar milimita 8 a kan allo. Taransifomar lasifika ba a gwada ta a kan wannan ba.

Bayan batir, kowane layi na sitiriyo ya samu tasa taransifomar, kuma kada ka haɗa ƙafafun fitarsu wuri guda, domin da zarar ka haɗa, wuta za ta sami hanyoyi tsakanin facin hagu da na dama waɗanda ba ka tsara ba. Ka sa matatar da ke zubar da amo mai ƙasa kafin amfilifaya. Ka sa rizista a ɓangaren fita wanda shi kaɗai ya isa ya riƙe wutar ko da an ƙure komai. A misalinmu na bolt 80, idan kana so iyakar ta tsaya a miliamfiya 20 a kan om 500, kana buƙatar om 3500 a jere, kuma gara ka raba shi gida biyu, don in ɗaya ya samu matsala ko dalma ta haɗe ƙafafunsa, ɗayan ya rage. Fiyus ba zai cece ka ba, don kafin ya narke aikin gama ya gama. Maɓallin ƙarfi ya zama na murɗawa da hannu, wanda kake ganin inda yake, da makunni babba da yake yanke wayoyin facin kansu, wanda za ka iya bugawa da gwiwar hannu.

Wata ɓoyayyar illa ita ce wuta mai tafiya gefe guda, irin ta batir. Ko kaɗan ce, idan ta daɗe tana bi ta fata, takan narkar da gishirin jiki, ƙarƙashin faci ɗaya ya zama ruwan soda mai cin nama, ƙarƙashin ɗayan ya zama asid. Ƙunar da take yi ba ta cika zafi a lokacin ba, sai an cire faci a ga tabo, kuma tana da wuyar warkewa. Alherin taransifoma guda ɗaya da ba a musu shi ne ba ta barin irin wannan wuta ta wuce. Shi ya sa haɗa bakin amfilifaya kai tsaye da fata, ba taransifoma a tsakani, ganganci ne tsantsa.

Yanzu gwaji, wanda shi ne ainihin tambayarka. Jikinka ba mita ba ne. Ka haɗa jikin ƙarya, rizista mai om 500 mai ɗaukar wat biyar ko fiye, domin da om 500 ɗin ne ƙa'idar na'urorin motsa jijiya da tsoka, IEC 60601-2-10, take auna iyakokinta. A jere da shi ka sa ƙaramin rizista mai om 10, ka ɗora osiloskof a kansa. Kowane milibolt 10 da ka gani miliamfiya 1 ne, lissafi ya zo da sauƙi. Kada ka dogara da ƙaramar mitar hannu a nan. Yawancinsu an daidaita su ne don wutar gida mai siffa lafiyayya, idan ka ba su kaɗawa dubu biyu ko bugu masu tsini sai su faɗa maka abin da suka ga dama, kuma galibi ƙasa da gaskiya suke faɗa. Wani gargaɗi da ka sani amma zan maimaita, kada ka maƙala ƙafar ƙasa ta osiloskof a bakin amfilifayar da ƙafafunsa biyu duk masu wuta ne, za ka gajarce shi. A ɓangaren fitar taransifoma za ka auna. Kuma osiloskof mai jona a bango yana haɗe da wayar ƙasa ta gida, saboda haka ba a taɓa barinsa a jiki alhali faci yana kan mutum.

Ka fara da sauti guda tsayayye, ba kiɗa ba. Manhaja irin Audacity tana ƙirƙirar sa kyauta. Sa kaɗawa 1000, ka murɗa daga sifili zuwa ƙarshe, kana rubuta wutar a kowane mataki. Abin da kake nema shi ne hawa mai santsi, ba wurin da ɗan murɗi kaɗan yake ninka wutar. Daga nan ka bi kaɗawa daga 20 har zuwa 10000 a ƙarfi guda, ka ga inda take kumbura da inda siffar take karyewa, ka tabbatar matatar ta danne na ƙasa da gaske. Sannan ka ƙure komai, muryar waya, muryar manhaja, maɓallin amfilifaya, da batir mai cikakken caji, ka rubuta lambar da ta fito. Wannan lambar ita ce ainihin na'urarka, ba wadda kake niyyar amfani da ita ba. Idan ta fi abin da za ka yarda ya ratsa ka ba shiri, ba ka gama haɗi ba. Ƙa'idar na'urorin motsa jijiya da tsoka da na ambata ta sa rufin miliamfiya 50 ga kaɗawa 400 zuwa ƙasa, da 100 ga wadda ta wuce 1500, amma wannan rufi ne na na'urorin da aka tantance, a hannun ƙwararru. Naka rufin ya kamata ya zauna can ƙasa da haka.

Daga nan sai ka shiga yi mata mugunta da gangan. Zare jaki ka mayar tana kunne. Kashe ta ka kunna, ka ga ko tana yin tari a lokacin tashi. Kira wayar. Tura saƙo. Girgiza wayoyi, ƙwanƙwasa akwatin. Bar batir ya yi rauni ka ga abin da amfilifaya yake yi idan yana shirin mutuwa, wasu sukan riƙa yankewa suna dawowa da ƙara. Canza jikin ƙaryar zuwa om 200, sannan 2000, sannan 10000, sannan ka cire shi ɗungum ka auna bolt ɗin da ke bakin wayoyin a buɗe. Dalilin wannan shi ne fata ba ta tsayawa wuri guda. Busasshiya tana iya kai dubban om masu yawa, amma da zufa ta fito, ko man faci ya jiƙa ta na 'yan mintoci, sai ta faɗo warwas. Amfilifaya bolt yake riƙewa, don haka duk lokacin da fata ta sauko, wuta hawa take yi da kanta ba tare da ka taɓa komai ba. Idan kana so ka kusanci gaskiya, ka ƙara wani rizista mai om dubu biyu tare da ƙaramin kafasita a gefensa, a jere da na 500, domin saman fata yana aiki kamar kafasita, yana barin mai yawan kaɗawa ta wuce cikin sauƙi. A ƙarshe ka bar ta tana aiki rabin awa, ka taɓa rizistoci da taransifoma ka ji zafinsu, ka kuma auna da mita ko akwai wuta mai gefe guda a bakin fita, da ko akwai wata alaƙa tsakanin ɓangaren shiga da na fita. Ya kamata mita ta nuna babu.

Faci ma yana da nasa lissafin. Ƙa'idar ta ce a yi hattara idan wuta ta wuce miliamfiya 2 a kowane murabba'in santimita. Faci mai santimita 5 a kowane gefe murabba'i 25 ne, fili wadatacce. Amma idan ya bushe ko ya ɓanɓaro ya rage gefe guda a manne, duk wutar ta nan za ta matse. Tsabar ƙarfe, cokali, guntun tagulla ko tsirarar waya ba faci ba ne. Ka sayi na gaske da aka yi don wannan aiki.

Ko da komai ya yi daidai a tebur, akwai wuraren da wuta ba ta zuwa. Ka ja layi a zuci tsakanin faci biyu, in layin ya ratsa ƙirji, an yi kuskure. Hannu da hannu haramun ne a wannan aiki, haka gaba da bayan ƙirji, kuma kada ka gyara faci da yatsu tana kunne, don ka buɗe sabuwar hanya ta hannunka ke nan. Ba a sa wa a kai, ko ido, ko gaban wuya, inda akwai wata cibiya a jikin jijiyar jini da ke iya saukar da bugun zuciya da hawan jini nan take, ga kuma maƙogwaro da zai iya shaƙewa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a jiki, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai juna biyu, duk su nisance ta. Haka wurin da fata ta mutu ba ta ji, kamar yadda ciwon suga kan yi wa ƙafafu, domin mai shi zai ƙone bai sani ba, da wurin rauni, da ƙafar da ake zargin jini ya daskare a cikinta. Ba a cikin wanka ba, ba a kan tuƙi ba, ba a lokacin barci ba, ba kuma kai kaɗai a ɗaki a kulle ba. Ƙure tsoka da wuta na dogon lokaci yana iya farfasa ta har dattinta ya toshe ƙoda, an sha ganin haka ga masu motsa jiki da rigar lantarki. In ka ga fitsari ya yi baƙi-baƙi bayan ciwon tsoka mai tsanani, asibiti kai tsaye.

Mu dawo kan bayan naka. Amfani da wuta don rage ciwo tsohon abu ne, tun ƙarni na farko likitan Rum Scribonius Largus yake ɗora wa masu ciwon kai kifi mai jan wuta. Bayanin zamani ya zo a 1965, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa motsa manyan jijiyoyin taɓi yana rufe wa saƙon ciwo ƙofa a cikin laka. A kan wannan aka gina TENS. Babu wani abu a cikin wannan bayani da yake buƙatar kiɗa. Bin amon waƙa nishaɗi ne da gwanintar hannu, bai ƙara komai a magani ba. Ita kanta TENS ɗin, wasu tana rage musu ciwon baya na ɗan lokaci, wasu ba ta yi musu komai, kuma ba ta gyara abin da ya haddasa ciwon. Idan ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafa tana mutuwa ko rauni, ko akwai matsalar riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, wannan ba na faci ba ne, ka ga likita da wuri.

Ni dai da ni ne kai, zan raba aikin gida biyu. Bayana in kai shi wurin likitan gashi, ya duba, in ya ga TENS za ta yi amfani ya nuna mini inda zan manna da ƙarfin da zan sa, in sayi ƙarama mai batir wadda aka tantance. Baba ma ta nan za a bi da shi. Amfilifaya da taransifomomin kuma su zauna a tebur tare da jikin ƙarya. In ka sayi ta kasuwar, ka ɗora ta a kan rizistan nan mai om 500 ka kalli bugunta a osiloskof gefe da gefe da taka. Tawa har yau tana cikin akwati a ƙasan tebur, rizistan gwajin yana like a bakinta da dalma, ban taɓa cire shi ba.